Shekaru Huɗun Da Kake So In Goge Maka

Gwallaga, Bauchi
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Albarka,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da kawunka Dauda da iyalinsa da suka shimfiɗa maka tabarma tun ranar Lahadi. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Asabar, ya tsare direba da tayoyinsa, ya hana shi gyangyaɗi, ya sauke ka a Legas da ƙafafunka biyu lafiya, tun da su ne abin taƙamarka.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin na san bakina. In na buɗe shi a gabanka, ba na kai magana uku sai murya ta hau, taka ma ta hau, Mamanka ta shiga tsakani tana roƙo, maƙwabta kuma su rage ƙarar rediyo don su ji da kyau. Saboda haka ga takarda, Mamanka za ta kawo maka. Ka karanta har ƙarshe. In ka gama ka ga dama ka yayyaga, ba zan tambaye ka ba.

Bari in maimaita abin da ka nema, kada gobe a ce ban fahimta ba. Mutumin nan da ya gan ka kana buga ƙwallo ya ce yana da hanyar kai ka gwaji a Legas, amma 'yan shekara sha bakwai ake nema. Kai kuwa ashirin da ɗaya gare ka, da gemun da kake askewa sau biyu a mako. Sai ya ce ai abu ne mai sauƙi, uba ko wani babba a dangi ya je kotu ya rantse cewa an haife ka shekara huɗu bayan ranar da aka haife ka. Ka zo ka same ni, na ce ba zan yi ba. Kawunka ya ce in ni na ƙi, shi zai yi, jibi Jumma'a ƙarfe goma na safe. Nan muka tsaya.

Ko ka zauna ka duba abin da takardar za ta ce? Ƙanwarka Murna shekararta sha bakwai, a watan Afrilu aka haife ta. Kai ɗan Agusta ne. Ke nan Mamanka ta haifi Murna a Afrilu, ta juya ta haife ka a Agustan shekarar, wata huɗu tsakani. Ko akuya sai ta yi wata biyar. Kuma daga Jumma'a Murna ta zama yayarka, sai ka fara gaishe ta da safe.

Amma ba don in yi maka ba'a na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi ka gaya mini magana biyu da har yanzu suna zaune a ƙirjina. Ka ce, "Ranar da kai ba ka taɓa ɗauka a bakin komai ba, mene ne naka in na canja ta?" Sannan ka ce ai ni ma na yi, kawunka ya gaya maka. Ka ga na ɗaga hannu. Abin da ya hana ni sauke shi a kanka ba haƙuri ba ne, ka san ba ni da shi. Gaskiya ka faɗa, duka biyun. Sai dai rabin labari ka sani, ni kuma zan cika maka sauran.

Ka san ban wuce aji uku a firamare ba. Karatun nan da kake ganin ina yi, a bayan manyan motoci na koye shi lokacin da nake kwandasta a tashar Wunti, da littafin waƙoƙin majami'a, da tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire. Mutumin da ya koyi karatu shi kaɗai yana da wata cuta: duk abin da ya gano da kansa, gani yake shi ne na farko da ya gano shi a duniya. Kana ɗan shekara huɗu na zauna na karance Maganar Allah tun daga farko har ƙarshe, yatsana a kan layi, fiye da shekara guda ina yi. A nan na lura da wani abu. Sau biyu kawai na ga an ambaci mutum ya yi bikin ranar haihuwarsa. Duka biyun sarakuna ne marasa tsoron Allah, kuma duka biyun kafin taro ya watse sai da aka kashe mutum. A na farko aka rataye wani ma'aikacin fada, a na biyu aka yanke kan bawan Allah aka kawo a faranti. Ranar da na haɗa waɗannan biyun, ji na yi kamar ni aka bai wa makullin sama.

Ka san al'adar majami'armu. Lahadin ƙarshen wata sai a kira duk waɗanda aka haifa a watan, su fito suna rawa, Rabaran ya sa musu albarka. In watan Janairu ne kuwa, bencin dattawa wayam yake komawa, domin duk wanda uwarsa ba ta san ranar ba, hedimasta ya ba shi ɗaya ga Janairu. Ni ma haka aka yi mini. To sai na tashi a wurin nazarin yammacin Laraba, a gaban kowa, na ce wannan rawar ta arna ce, na kawo sarakunana biyu na ajiye. Tsohon Rabaran ɗinmu na lokacin bai yi fushi ba. Cewa ya yi sarakunan nan biyu ai sun ci abinci a ranar, sun kuma sa riga, ko su ma za mu daina? Ya ce laifin ba na ranar ba ne, na abin da suka yi da ita ne. Ban ji shi ba, ina can ina shirya amsa. Sai wata tsohuwa daga bencin zumuntar mata ta ce, "To Iliya, Kirsimeti fa, rasuwar wa muke yi?" Majami'a duka ta fashe da dariya. Da mai hankali ne da na yi dariya tare da su na zauna. Ni kuwa na koma gida na kafa doka: a ɗakina ba wanda zai ƙara ambatar ranar haihuwa. Ba don na tabbata ba, don an yi mini dariya.

Kai ka biya wannan dariyar. Na san kana tuna ranar da ka cika goma. Mamanka ta ɗauka ba zan dawo ba sai magariba. Ta zuba yashi a gindin tukunya ta gasa maka kek a kan gawayi, ta kira yara biyar na cikin gidan haya, ta sa maka rigarka ta Lahadi. Mota ta lalace, na dawo da la'asar, na tarar ana tafi ana waƙa. Na ratsa ta tsakaninku. Na ɗauki farantin kek ɗin na fita tsakar gida na kife shi a gaban kajin mai gida. Sannan na juyo na yi wa yara shida wa'azin sarakuna biyu, ina jin kaina kamar annabi. Ba ka yi kuka ba. Ka cire rigar ka ninke ta, ka ɗauki ƙwallonka na tsumma ka fita. Tun daga ranar ba ka ƙara tambayata komai game da ranar ba, ni kuma na ɗauka ka fahimci darasi.

Ka fahimta kuwa, sai dai ba wanda na yi niyya ba. Na koya maka cewa ranar da Allah ya kawo ka duniya abincin kaji ce. Yanzu ka zo za ka sayar da ita a kan gwajin ƙwallo, ni kuma ina tsalle ina ihu. Da wa zan yi fushi?

Abin da zan gaya maka a kan wannan shi ne: in ka karanta abu ya burge ka, ka ba shi kwana kafin ka ɗora wa wani. Ka tambayi kanka ko gaskiyar kake so, ko kuwa so kake a ce kai ne mai gaskiya. Ni ban san akwai bambanci ba sai da na wuce talatin. Kuma in aka yi maka dariya a waje, kada ka kawo ta gida ka sauke a kan waɗanda ba za su iya ramawa ba.

Yanzu maganar da kawunka ya ba ka rabi. E, na yi. Shekara shida ke nan. Ina da talatin da biyar, na gaji da kabu-kabu, aka ce ana ɗaukar direbobi a ma'aikatar da nake yanzu, amma kada mutum ya wuce talatin. Kawunka ne ya nuna mini hanya, da wannan murmushin nasa da ka sani. Na ce in rage biyar, ya ce tun da za a yi, a yi da kyau, in rage bakwai don in daɗe kafin ritaya. Ni mai wa'azin sarakuna, ban yi gardamar minti ɗaya ba. Ana bukatar babba ya rantse, sai na je ƙauye na ɗauko Kaka, uwata, a mota tun daga bayan Bogoro. Na ce mata takardar neman aiki ce. Magatakarda ya karanta da Turanci da sauri kamar mai gudun ruwa, ya kama babban yatsanta ya sa a tawada ya dangwala. Ta goge yatsan a bakin zanenta, ta ce Allah ya sa a dace. Aka dace.

Bari ka ji abin da ke cikin takarduna yau. A ofis shekaruna talatin da huɗu. Ke nan na auri Mamanka ina ɗan sha biyu, na haife ka ina ɗan sha uku. Yaran da na girme su nesa ba kusa ba suna kirana da sunana gatsau, su aike ni sayen ruwa, in tashi in je. Likita ya auna jinina ya ce ya yi mamakin ganin haka ga mai ƙananan shekaru irina, na ce ni ma na yi mamaki. Duk inda aka miƙo mini takarda in cike, sai na tsaya na tuna wanne ne ni a wurin. Waɗannan duka abin dariya ne, ka yi dariyarka. Wanda ba na dariya ba yana tafe.

Shekara uku da kama aiki, rigimar gona ta tashi tsakanina da Markus, ɗan ƙanin babana, wanda ke koyarwa a ƙauye. Dattawa suka zauna a gindin ɗorawa don a raba. Da aka zo rubuta yarjejeniya, aka ce kowa ya kawo katin shaidarsa a kwafi suna daidai. Markus ne ke rubutu. Ya karɓi nawa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya karanta shekarar haihuwata da ƙarfi. Kabarin kakanka yana nan taku kaɗan daga wurin, da simintin da muka yi masa, da shekarar rasuwarsa a rubuce yadda mai bisharar majami'ar ƙauyen ya ajiye a littafinsa. Ina da shekara shida babana ya rasu. Ni kuma na rage bakwai. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba, ni da nake taƙama da haɗa sarakuna. Markus ya nuna kabarin da biro, ya ce, "Baba ya rasu, bayan shekara guda aka haifi Iliya. To ɗan wane ne, da zai ci gonarmu?"

Kowa a wurin ya san ƙarya ce. Rabinsu sun ga ranar da aka sa mini suna. Wasu suka yi dariya, wani dattijo ya tsawata wa Markus, aka raba gona daidai, ban rasa ko kunya ɗaya ba. Amma Kaka tana zaune a gefe a kan kujerarta 'yar tsugune. Matar da aka yi juyin duniya ta sake aure bayan mijinta ta ƙi, ta rene mu mu huɗu da fartanya da sayar da itace, ta yi shekara da shekaru tana shugabancin zumuntar mata. A gaban garinsu aka karanta takardar da ta ce ta haifi ɗa shekara guda bayan an binne mijinta, kuma yatsanta ne ya tabbatar.

Taro ya watse. Sai a hanyar gida, tana gaba ina baya, ta tambaye ni ko takardar da ta dangwala wa hannu a Bauchi abin da ta faɗa ke nan. Na ce e. Muka yi 'yar tafiya. Sai ta ce, "Shekara shida ya yi yana ɗaukarka a wuya zuwa gona. Ka goge su duka, har ka ƙara ɗaya." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Ni ma ban tayar ba. Ni mai baki, wanda ba ya barin ko ɗan acaɓa ya fi shi magana, ban iya ce wa uwata ta yi haƙuri ba. Kullum cewa nake sai na je Kirsimeti.

Wannan ne kawunka bai gaya maka ba, domin shi ba ya wurin. Shi yana kai mutum bakin kotu ne ya koma shagonsa. Shekarun da mutum ke gogewa ba nasa ba ne shi kaɗai, Albarka, akwai mutane a cikinsu.

Akwai kuma wanda ban taɓa gaya wa ko Mamanka ba. Na daɗe da gane cewa tsohon Rabaran ne ke da gaskiya. Na sake karantawa, na ga wurare da yawa inda bayin Allah ke gode masa domin shi ya siffata su tun suna ciki, shi ya san adadin kwanakinsu tun ba su ga ko ɗaya ba. Amma duk Janairu in aka kira, sai in zauna in haɗe rai, mutane su ce Iliya har yanzu yana kan bakansa. Ba a kan bakana nake ba. Kunya ce. Ta yaya zan yi rawa zuwa gaban bagade in ce na gode da talatin da huɗu, alhali arba'in da ɗaya ya ba ni? Wa zan ruɗa? Shi da ya ƙirga su da kansa?

Tun da ban taɓa ba ka labarin ranarka ba, ga shi, ka san abin da kake shirin bayarwa.

Talata ce, cikin Agusta. Muna haya a ɗaki ɗaya a Ƙofar Ran. Ruwa ya sauko tun da asuba bai ɗauke ba, lungu ya zama kogi. Naƙuda ta kama Mamanka wajen ƙarfe tara. Na fita neman tasi, ba ko ɗaya, 'yan acaɓa duk sun fake. Ina da shekara ashirin, ban san komai ba, ina tsaye a bakin titi ina zagin motocin da suka wuce. Sai ga maƙwabcinmu Malam Sabo mai kayan gwari, da tsohuwar a-kori-kurarsa cike da albasa da tattasai zai tafi kasuwa. Fuskata kawai ya gani ya juya. Matarsa ta fito da tabarma da leda, muka kwantar da Mamanka a kan buhunan albasa. A hanya motar ta shiga wani rami ta mutu. Na sauka na tura, ruwa har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi, da ƙafa ɗaya ba takalmi na shiga asibiti.

Ana kiran sallar azahar ka fito. Ba ka yi kuka ba. Ina bakin ƙofa na ji ɗakin ya yi tsit, na ji wata nas tana kiran wata da muryar da ba ta yi mini daɗi ba. Ni da ko a majami'a sai an ce a durƙusa sau biyu, na zube a kan simintin nan mai ruwa. Ba addu'ar kirki na yi ba, ban iya ba. Na ce wa Allah in ya ba ka numfashi, kai nasa ne, ya yi abin da ya ga dama da kai. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ka tsala ihu, irin wanda har yau in ranka ya ɓaci kake yi. Da na fito, Malam Sabo yana nan zaune a mota, tattasansa ya jiƙe, kasuwar ranar ta wuce shi. Ya ce Allah ya raya, ya cire nasa takalmin ya miƙo mini. Kaka ta iso bayan kwana biyu, ta ɗauke ka, ta ce Albarka ne sunanka. Mamanka ta yi mako tana warin albasa.

To matsa da ranar shekara huɗu gaba ka ga abin da za ka tarar. Malam Sabo ya riga ya rasu, an sayar da motar. Mun bar Ƙofar Ran mun dawo Gwallaga. Mamanka na goye da Murna jaririya, kai kuma kana kwance da ƙyanda. Ba wanda ya yi naƙuda a wannan ranar, ba wanda ya durƙusa, ba wanda ya bar kasuwarsa dominka. Ranar da babu kowa a cikinta kake so ka koma. Duk shekara za a kawo maka kek, abokan wasanka su yi maka waƙa da shekarun da ba naka ba, kai kaɗai a ɗakin ka sani. Ni na ɗanɗana, ba daɗi.

Kada ka ɗauka na raina ƙwallonka. Na san haka kake tunani, domin sau nawa na ce maka wasan banza ne. Wannan ma bakina ne. Sau uku na ajiye motar ofis na tsaya a bayan katangar filin da kuke wasa, inda ba za ka gan ni ba. Na ga abin da ƙafarka ta hagu ke yi. Ranar da ka wuce mutum uku ka zura, wani da ke kusa da ni ya tambaya ɗan waye, na ce ban sani ba, amma sai da na shiga mota na yi ta dukan sitiyari don murna. Baiwa ce, daga Allah take, ba daga wurina ba, ni ko gwangwani na harba sai na ji ciwo.

Amma wanda ya ba ka ƙafar shi ya ba ka shekarar. Bai yi kuskure a ɗaya ya yi daidai a ɗaya ba. Da yana so ka zama ɗan sha bakwai a bana, ya san yadda zai yi, ba sai kawunka ya taimaka masa ba. Kullum in ka ci ƙwallo sai ka durƙusa ka nuna sama da yatsa. In ka ci a Legas da takardar ƙarya a aljihu, wa za ka nuna? Kuma ka tuna akwai wani ɗan sha bakwai na gaske da zai zo wurin gwajin nan daga wani ƙauye, uwarsa ta yi masa addu'a kamar yadda taka za ta yi. Za ka sa masa kafaɗar ɗan ashirin da ɗaya ya faɗi. Zai koma gida yana cewa ba shi da baiwa, ya ajiye takalminsa. Ba za ka taɓa sanin sunansa ba, amma Allah ya sani.

Ka taɓa tambayata, cikin fushi, in ba ƙwallo ba me aka haife ka ka yi, ko tuƙi irin nawa. Ban ba ka amsa ba, zagi na ba ka. Amsar da nake da ita gajeriya ce, ni ba Rabaran ba ne. Ba a haife ka don ƙwallo ba, kamar yadda ba a haife ni don sitiyari ba. Waɗannan abubuwan da aka sa mana a hannu ne. An haife ka ka san wanda ya yi ka, ka ƙaunace shi, ka yi wa mutanen da ya ajiye kusa da kai amfani, kamar yadda wani mai kayan gwari ya yi maka tun ba ka buɗe ido ba. Yesu ya mutu domin Albarkan da ke akwai, ba domin wanda magatakarda zai buga a takarda ba. In ƙwallo ya bi ta wannan hanyar, ka buga shi har ƙafarka ta gaji. In sai ka fara da rantsuwar ƙarya, da sunan Allah a bakin wani, to ba abin da aka haife ka dominsa ke nan ba, ko da duniya duka za ta san sunanka.

Ba zan ruɗe ka ba: mai yiwuwa in ka ƙi takardar, mutumin nan ya daina ɗaukar wayarka. Mai yiwuwa ka isa Legas ka yi ta yawo daga fili zuwa fili da shekarunka na gaskiya, a ce maka ka tsufa. Akwai ƙungiyoyin manya da ke gwada mutum yadda yake, amma ban ce za su ɗauke ka ba, ban san wannan harkar ba. Mamanka ta ce ina kashe maka sa'a. Wataƙila haka ne. Na yi ta juya maganar a kaina ina tuƙi, har na wuce kwanar ofis sau biyu. Duk da haka ba zan rantse ba.

Duk inda Agusta ta same ka, ka yi abin da ni ban koya maka ba. Ka tashi ka gode wa Allah da adadin da ya ba ka, ka faɗe shi da bakinka. Ka kira Mamanka, domin ita ta yi aikin ranar, kai fitowa kawai ka yi. Ka ciyar da wani. Ka zauna ka tambayi kanka me ka yi da shekarar da ta wuce, wa ya ji daɗin kasancewarka a duniya. In an kira 'yan wata a majami'ar da kake zuwa, ka fita ka yi rawa. In kana son kek, ka ci, ka ci har da rabona na shekara goma sha ɗaya.

Saura maganar Jumma'a. Shekaranjiya Litinin na je wurin babban da ke riƙe da fayilolinmu a ofis, na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce tun da ya hau kujerar nan bai taɓa ganin wanda ya zo ƙara wa kansa shekaru ba, ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Ya ce in koma gida in yi barci, shi bai ji komai ba. Na ce ya ji. Ya ce to in sani, in na kawo a rubuce, hannunsa ya fita, ana iya sallamata. Da na gaya wa Mamanka, cewa ta yi da mahaukaci ɗaya take fama a gida, yanzu sun zama biyu. Tun daga nan abinci kawai take ajiye mini ba magana. Tana da gaskiya ta ji tsoro, ni ma ina ji. Murna na makaranta, aikin nan shi ne abin da muke ci.

Gwaggonka Rahila, yayata da ta goye ni, za ta iso gobe daga ƙauye. Ita za ta rantse mini, wannan karon a karanta mata da Hausa, a hankali. Jumma'a ƙarfe goma, kotun da kawunka zai kai ka, tagar da za ku je. Ba don in tare ka na zaɓi lokacin ba, ko kuwa don haka ne, ban sani ba, ba zan yi maka ƙarya a wasiƙar da nake hana ka ƙarya ba. Ba zan yi ihu ba. Ba zan kama rigar kawunka ba, ko da yake hannuna zai yi ƙaiƙayi. Kai babba ne, ba ni da ikon hana ka. Za ka same ni a benci ina jiran a kira ni. In ka zo, layi ɗaya za mu bi, ni na zo karɓar bakwai ɗina, kai ka zo zubar da huɗunka. Sai dai in za ka yi, a gabana za ka yi. In kuwa ban gan ka ba har aka tashi, zan san amsarka, ka zo gida da yamma ka ci tuwon Mamanka kafin tafiya.

Ko wanne ka zaɓa, ranar Asabar ina tasha, ni zan ɗora maka jaka. Kai ɗana ne ko takarda ta ce me. Ka yafe mini farantin nan. Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye ka daga hatsarin hanya da mugun aboki da mai daɗin baki. Ya tsare gwiwarka da idon sawunka. Ya ba ka wurin kwana da majami'ar da za ta san sunanka. Ya dawo mana da kai lafiya, da shekarunka cif.

Ni ne babanka,
Iliya,
ɗan shekara arba'in da ɗaya.